Hoton MRI na Tsokar Zuciya Mai Kauri: Tambayoyin da Ba Sa Ƙarewa

Shin hawan jini ne ke kawo cutar kaurin tsokar zuciya (hypertrophic cardiomyopathy)?

A'a. Hawan jini yana ƙara wa bangon zuciya kauri, amma cutar da muke magana a kanta gadonta ake yi, kuma tana samun kusan mutum 1 cikin 500. Ita aka gano a zuciyar Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru da ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa a birnin Lyon a 2003.

An riga an yi mini eko, me MRI zai ƙara?

Eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, yana auna kauri, kuma idan bango ya kai milimita 15 ba tare da wani dalili ba, likita zai yi zargin cutar. MRI kuwa, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, yana duba yanayin tsokar kanta. Tun a 1958 wani likita mai suna Donald Teare ya nuna a Landan cewa zaruruwan tsokar irin wannan zuciya a hargitse suke, sai dai a gawa ya gani. Yanzu akwai wata dabarar MRI da ke bin motsin ruwa a cikin tsoka: inda zaruruwa suka jeru, ruwan yana bin tsawonsu, inda suka hargitse kuma sai ya bazu ta ko'ina. Wannan dabara har yanzu ta masu bincike ce, don haka ku daina neman ta a kowane asibiti.

Na'urar MRI tana da haske mai cutarwa?

Ba ta da shi. Maganadisu ne. Abin da ake bukata shi ne ku kwanta kusan awa ɗaya, ku riƙe numfashi idan an ce ku riƙe.

Hoton ya nuna tabo a zuciyata, dole ne a dasa mini na'urar farfaɗo da bugun zuciya?

Ba dole ba ne, kodayake amsar ba ta da sauƙi. Tabon da allurar gadoliniyam (sinadarin da ake sakawa a jini lokacin ɗaukar hoton) ke bayyanawa ana samun sa a yawancin masu cutar, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ba ya sauya shawara. Idan ya kai kashi 15 cikin 100 na tsokar ɓangaren hagu na zuciya, likitoci sukan ƙara damuwa, amma ko a nan ba a yanke hukunci da shi kaɗai. Sai an tambaya ko wani a danginku ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, ko kun taɓa suma ba gaira ba dalili, ko bangon ya kai milimita 30, sannan a duba bugun zuciyarku na yini ɗaya ko biyu. Auna tabon ma yakan bambanta daga wata cibiya zuwa wata. Ita kuma na'urar tana da nata wahalhalun, domin takan saki wuta a kuskure, kuma batirinta yana ƙarewa. Saboda haka kada ku karanta sakamakon da daddare ku hana kanku barci. Ku kai wa likitan zuciya.

Ina da ciwon ƙoda, za a yi mini allurar?

Ku faɗa tun kafin ranar ɗaukar hoton. Idan ƙodar ta yi rauni ƙwarai, akan sauya nau'in allurar ko a ɗauki hoton ba tare da ita ba.

'Ya'yana fa?

Kowane ɗa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadon ƙwayar halittar. A duba su ko da lafiyarsu ƙalau, kuma a riƙa maimaitawa yayin da suke girma, domin kaurin yakan bayyana ne a shekarun balaga.