Tsuntsu ba ya gane ruwan guba da ido

An daɗe ana cewa dabba ta fi mutum sanin abin da zai cutar da ita, wai in ruwa gurɓatacce ne ba za ta kusance shi ba. Shi ya sa wasu ke ɗauka cewa tunda tsuntsaye na sauka a kududdufin wurin haƙar ma'adinai, ruwan lafiya lau yake. Sam ba haka ba ne.

A garin Butte na jihar Montana a Amurka akwai ƙaton rami, Berkeley Pit, inda aka haƙi jan ƙarfe daga 1955 zuwa 1982. Da aka kashe injinan zuƙe ruwa, sai ramin ya cika da ruwa mai tsananin tsami, ɗauke da guba irin su arsenik. Daga sama kuwa tafki ne kawai. A 1995 fararen dinya masu ƙaura suka sauka a ciki, 342 suka mutu, ruwan ya ƙone musu maƙogwaro. A ƙarshen 2016 dubbai suka sake halaka. Tsuntsun da ya gaji da tafiya wurin hutawa kawai yake nema.

Yanzu ma'aikata ne ke gadin ramin da madubin hangen nesa, suna korar duk garken da ya sauka da ƙarar bindiga da jirage marasa matuƙa.

A nan gida abin ya fi ciwo. A ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinare, a 2010, agwagi ne suka fara mutuwa, ba a ɗauke shi gargaɗi ba, har gubar dalma ta kashe yara sama da 400.