Tantance Irin Auduga Mai Jure Cutar Ramularia

Tantance juriya aiki ne da masu inganta iri ke yi domin ware audugar da ke iya tsayawa gaban cuta daga wadda ke faɗuwa. Ɗaya daga cikin cututtukan ganye da aka fi yi wa wannan gwaji ita ce wadda naman gwari (wato ƙwayar cuta dangin fumfuna) mai suna Ramularia areola ke haddasawa. Masanin tsirrai George Atkinson ne ya fara bayyana shi a 1890 a jihar Alabama ta Amurka, amma yau ɓarnarsa ta fi yawa a gonakin Brazil da Indiya.

Cutar kan fara daga ganyen ƙasa. Tabo ne masu kusurwa, waɗanda jijiyoyin ganye suka yi wa iyaka, da farin gari a kai kamar an barbaɗa toka. Idan ta yi tsanani ganye ya kaɗe tun lokaci bai yi ba, ƙwallon auduga ya kasa cika.

Wahalar gwajin ita ce, tsiron da aka gani fes ba lallai ne yana da juriya ba; wataƙila cutar ce ba ta kai gare shi ba. Don haka ba a barin abin ga sa'a. Ana shuka layukan irin da aka san yana saurin kamuwa a tsakanin waɗanda ake gwadawa, su riƙa yaɗa cutar. Wani lokaci kuma a wanke ganyen da ya kamu, a fesa ruwan a kan tsirran da yamma, domin ƙwayoyin cutar na bukatar raɓa da laima kafin su shiga ganye. Ba a fesa maganin kashe naman gwari a filin. A ɗakin gilashi na rainon tsirrai ma ana yin haka da ƙananan tsirrai, sai dai sakamakonsa na bukatar tabbaci daga gona.

Daga nan sai a ba kowane iri maki gwargwadon faɗin ganyen da tabo ya ci, a maimaita sau da yawa a kaka guda. Irin da cutar ke tafiya a hankali a jikinsa yana da daraja ko da ya kamu.

Cibiyar binciken noma ta Brazil mai suna Embrapa da cibiyar binciken auduga da ke Nagpur a Indiya suna cikin masu wannan aiki. Sukan gwada iri a wurare daban-daban na shekaru, saboda naman gwarin ba nau'i ɗaya ba ne: irin da ya jure a wani yanki yana iya kamuwa a wani.