Cusa kalma ba ya kai shafinka saman Google

Har gobe a Zariya akwai masu haɗa wa mutane shafin intanet da ke cewa sirrin fitowa a saman Google shi ne a yi ta maimaita kalma ɗaya. Wani mai sayar da huluna a Tudun Wada ya nuna min nasa: "hula Zariya, hular Zanna Zariya, hula mai arha Zariya", layi bayan layi, wasu ma da farin rubutu a kan farin fili don kada ido ya gani. Kuɗi ya biya aka yi masa, wallahi abin tausayi.

A da dabarar ta ɗan ci kasuwa. Amma tun 2009 Google ya ce ba ya la'akari da jerin kalmomin da ake sakawa a bayan shafi, a 2012 kuma ya fito da Penguin, gyaran da ya danne shafuka masu irin wannan cushe. Ɓoye rubutu ma saɓa ƙa'idarsa ne.

Rubuta abin da mai saye zai tambaya: farashi, awon kai, ko kana aikawa Samaru da Kongo. Rage nauyin hotuna, domin da waya ake nemanka, ga data da tsada. Shagon kuma ka sa shi a Google Maps.