Sarƙewar kwantum ba ta aika saƙo fiye da gudun haske

An daɗe ana yaɗa cewa idan ƙwayoyin haske biyu suka sarƙe, kana taɓa ɗaya, ɗayar za ta isar da saƙonka nan take komai nisa. Wannan magana ba ta da tushe.

Sarƙewar kam gaskiya ce: alaƙa ce tsakanin ƙananan ƙwayoyi biyu wadda ke sa sakamakon auna su ya yi daidai da juna komai nisan da ke tsakaninsu. Einstein da abokan aikinsa biyu suka tayar da batun a 1935, John Bell ya samo hanyar gwada shi a 1964, Aspect da Clauser da Zeilinger kuma suka ci kyautar Nobel ta 2022 a kansa.

Ga inda gizo ke saƙar: mai aunawa ba shi da ikon zaɓar sakamakon da zai fito masa. Abokinsa da ke auna ɗaya ƙwayar a can kuwa jerin sifili da ɗaya kawai yake gani a sakamakonsa, barkatai, ba kai ba gindi. Sai sun gwama bayanansu ta waya ko intanet daidaiton yake bayyana, ita kuma wannan hanya ba ta wuce gudun haske.

Inda sarƙewar ke da amfani ƙwarai shi ne tsare sirri, domin duk wanda ya auna ƙwayoyin a ɓoye sai ya bar sawu. A 2017 tauraron ɗan'adam na Sin, Micius, ya rarraba sarƙaƙƙun ƙwayoyin haske tsakanin tashoshi biyu masu nisan kusan kilomita 1,200.