Laima ba ta mayar da mai dirowa sama

Duk wanda ya kalli bidiyon sojojin laima masu nuna bajinta, irin Golden Knights na rundunar sojan Amurka da aka kafa a 1959, ya ga wannan: soja na faɗowa, ya buɗe laima, sai ka ga kamar an fizge shi sama. Shi ya sa mutane da dama suka daɗe suna ɗauka laima tana ɗaga mutum. Ko taku ɗaya ba ya hawa.

Sirrin yana wurin mai ɗaukar hoton. Shi ma ɗan tawagar ne, kyamara na ɗaure a hular kwanonsa, tare suka fito daga jirgi, suna faɗowa rub da ciki a gudun kusan kilomita 200 a awa. Da abokinsa ya buɗe laima, cikin 'yan daƙiƙoƙi gudunsa ya ragu zuwa wajen kilomita 20 a awa. Mai kyamara kuwa bai buɗe tasa ba, yana ci gaba da lulawa ƙasa. Tazarar da ta shiga tsakaninsu ce ido ke fassarawa da hawa.

Fizgar dai gaskiya ce, sojan yana jin ta a cinyoyi da kafaɗu, inda ɗamarar ta kama shi. Amma birki ne, irin na mota.

Abin da ya fi burge ni shi ne, wannan tazarar da gangan ake neman ta. Kafin kowa ya buɗe, sai sun watse, kowa ya ba ɗan'uwansa fili, don mai buɗaɗɗiyar laima da mai faɗowa a kansa in suka haɗu, rai ake magana.