Ma'anar tambarin tsaro a kan ƙunshin bayanai, da aikin NetLabel a kanel ɗin Linux

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin da ake ajiye takardun sirri ya san cewa hatimin da aka buga a bangon fayil shi ne yake faɗin wanda ya halatta ya buɗe shi, kuma masinjan da ya ɗauko fayil ɗin ba sai ya karanta abin da ke ciki ba kafin ya gane teburin da bai kamata ya ajiye shi ba. Wannan tsari ne aka shigar cikin sadarwar kwamfuta. Bayanan da ke tafiya tsakanin na'urori ana yayyanka su ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiranta ƙunshi, kuma kowane ƙunshi yana da goshi inda ake rubuta adireshin mai aikowa da na mai karɓa. Tambarin tsaro shi ne 'yan lambobin da ake ƙarawa a wannan goshi domin su nuna matakin sirrin abin da aka ƙunsa da kuma rukunin mutanen da ya shafa. Wanda yake buga tambarin, yake kuma karanta shi, shi ne kanel, wato zuciyar babbar manhajar kwamfuta, wadda babu wata manhaja da ke isa ga faifai ko wayar sadarwa sai ta hannunta. A Linux, sashen kanel ɗin da aka ɗora wa wannan aiki sunansa NetLabel.

Asalin al'amarin na sojan Amurka ne. A shekarar 1973 David Bell da Leonard LaPadula, ma'aikatan cibiyar bincike ta MITRE, suka tsara ƙa'idoji biyu da har yau ake bi: manhajar da ke wani mataki ba za ta karanta abin da ya fi ƙarfin matakinta ba, kuma ba za ta rubuta wani abu zuwa matakin da ke ƙasa da nata ba. Ƙa'ida ta biyun ce mutane suka fi mamaki, amma hikimarta a fili take, domin ita ce take hana manhajar da ta ga babban sirri ta kwafe shi cikin fayil ɗin da kowa yake iya buɗewa. Bayan mataki akwai rukuni, saboda jami'ai biyu suna iya zama a mataki ɗaya alhali aikin wannan bai shafi wancan ba. Sai matakinka ya kai, kuma kana cikin dukkan rukunan da aka rubuta a kan takarda, sannan a ba ka ita. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta sanya wannan cikin ma'aunin da ta fitar a 1983 na auna amincin kwamfutoci, inda ta wajabta tambari ga duk na'urar da ke neman darajar B1 zuwa sama.

Matsalar ita ce kanel yana iya tsare waɗannan ƙa'idoji a cikin na'urarsa kaɗai. Da zarar bayani ya fita ta waya, na'urar da ta karɓe shi ba ta da hanyar sanin ko daga manhaja mai babban sirri ya fito ko daga ta gama-gari. Tun a takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 791 ta 1981, wadda ta kafa IPv4, wato tsarin adireshi da aika ƙunsoshi a intanet, an tanadi gurbin rubuta matakin sirri, aka kuma sake fasalinsa a RFC 1108 ta 1991, sai dai matakan da ke ciki na gwamnatin Amurka ne zalla, ba su dace da banki ko kamfani ko wata ƙasa ba. Don haka a 1992 kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan na'urori suka gabatar da daftarin CIPSO ga IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet. Wani abin ban sha'awa shi ne daftarin bai taɓa zama tabbatacciyar ƙa'ida ba, wa'adinsa ya ƙare yana daftari, amma duk da haka shi kamfanonin suka bi, kuma shi ne harshen da manyan manhajojin kwamfuta irin su Trusted Solaris suka yi magana da shi.

Yana da kyau a dubi tambarin CIPSO da kyau, bayit bayan bayit (bayit shi ne ɗan ma'aunin bayanai mai gurbi takwas, kowane gurbi 0 ne ko 1), domin ƙuncin wurin da aka ba shi shi ne tushen yawancin iyakokinsa. Goshin ƙunshin IPv4 bayit 20 ne a asali, kuma ba ya wuce 60, ke nan duk wani ƙari da za a yi sai ya shige cikin bayit 40. Bayit na farko yana ɗauke da lamba 134, wadda ke sanar da cewa CIPSO ne ke tafe. Na biyu yana faɗin tsawon tambarin. Huɗu na gaba suna ɗauke da lambar yarjejeniya, wadda ma'aikatan fannin ke kira DOI, kuma ita ce ginshiƙin tsarin: lambar mataki ba ta da wata ma'ana a karan kanta, sai dai ma'anar da na'urorin da suka amince da DOI ɗaya suka ba ta. Daga nan sai ainihin tambarin, wanda a salonsa na 1 yake cin bayit huɗu wajen faɗin salo da tsawo da cike gurbi da mataki, matakin kuwa daga 0 ne zuwa 255. Idan aka cire waɗannan goma daga arba'in saura talatin, kuma tun da kowane bayit yana da gurbi takwas, rukuni 240 ne kawai za su samu wuri. A ɗauka wata manhaja tana mataki na 2 a rukuni na 3 da na 7. Kanel zai rubuta 2 a gurbin mataki, sannan ya kunna gurbi na 3 da na 7 a bayit na farko na jerin rukunai, yana ƙirgawa daga hagu kuma daga sifiri, abin da zai ba da 00010001. Tambarin gaba ɗaya bayit 11 ne, a cike shi zuwa 12 saboda tsawon goshi dole ya rabu gida huɗu-huɗu. Akwai salo na 2 da ke jera lambobin rukunai ɗaya bayan ɗaya, da na 5 da ke faɗin daga kaza zuwa kaza, waɗanda suke iya ambaton rukuni mai babbar lamba amma kaɗan suke ɗauka a lokaci guda.

Linux ya samu hanyar sanya tambari a kan fayiloli da manhajoji tun kafin ya samu ta sanya shi a kan ƙunshi. Hukumar tsaro ta NSA ta Amurka ta saki SELinux, tsarin tsaron da ke yin wannan aiki, a ƙarshen shekarar 2000, aka shigar da shi cikin kanel a 2003 ta wata ƙofa da ake kira LSM, wadda ke ba tsarin tsaro damar tsoma baki a duk inda kanel zai yanke hukuncin izini. NetLabel ya biyo baya a kanel na 2.6.19 a ƙarshen 2006, aikin Paul Moore ne lokacin yana kamfanin Hewlett-Packard, kuma ya zo daidai lokacin da ake neman shaidar aminci ta tsaro mai matakai ga Red Hat Enterprise Linux 5, wadda aka samu a 2007.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta game da NetLabel shi ne cewa tafinta ne tsakanin ɓangarori biyu. A gefe guda akwai tsarin tsaro, SELinux ko takwaransa Smack, mai nasa salon tambari. A ɗaya gefen akwai harshen waya, wato CIPSO. NetLabel yana karɓar mataki da rukunai daga wannan ya mayar da su lambobin wancan, ko akasin haka, amma hukuncin bari ko hanawa yana hannun tsarin tsaron. Lokacin da manhaja ta buɗe soket, wato ƙofar da take aika bayanai ta cikinta, SELinux yana miƙa wa NetLabel tambarinta, shi kuma ya duba jadawalin da mai kula da na'ura ya tsara masa ta manhajar netlabelctl, jadawalin da ke cewa manhaja mai irin wannan tambari, ko ƙunshin da zai je adireshi kaza, da DOI kaza za a aika shi, ko kuma a bar shi ya tafi ba tambari. Fassarar iri biyu ce. Akwai wadda ake wuce da lambobi yadda suke, akwai kuma wadda ake musanya su bisa jadawali, ta yadda mataki na 2 a cikin gida zai iya fita waya a matsayin na 5 idan haka aka yi yarjejeniya da ɗaya na'urar. A wurin karɓa kuwa, kanel yana fara duba ko ya san DOI ɗin kuma tambarin ba gurgu ba ne. Idan da matsala sai ya yar da ƙunshin ya mayar wa mai aikowa da saƙon ƙorafi na ICMP, wato hanyar da na'urori ke sanar da juna kuskure. Idan lafiya lau ne, sai a fassara tambarin a miƙa wa SELinux ya auna shi da na soket ɗin da ƙunshin ya nufa. Domin kada a riƙa maimaita fassara ɗaya ga dubban ƙunsoshi, NetLabel yana ajiye waɗanda ya riga ya yi a ma'ajiyar wucin gadi.

Amfanin bai tsaya ga yar da ƙunshi ba. Manhajar da ta karɓi haɗi tana iya tambayar kanel tambarin wanda ke ɗaya bakin wayar, kuma da wannan ne sashen sepgsql na rumbun bayanai na PostgreSQL yake sanin teburan da zai buɗe wa mai tambaya da waɗanda zai rufe masa.

Sai dai fassarar ba ta cika ɗauke komai ba. Tambarin SELinux kashi huɗu ne: mai amfani, matsayi, nau'i, da mataki tare da rukunai. CIPSO kashi na ƙarshen kaɗai yake iya ɗauka, don haka ƙunshin da ya iso ana ba shi nau'i na bai-ɗaya da ake kira netlabel_peer_t, ba tare da an san ainihin nau'in manhajar da ta aiko shi ba. Haka kuma tsarin SELinux na tsaro mai matakai yana da mataki 16 da rukuni 1024, alhali salo na 1 na CIPSO 240 yake ɗauka. Smack, wanda Casey Schaufler ya rubuta aka kuma karɓe shi a kanel na 2.6.25 a 2008, ya yi wata dabara: tambarinsa gajeren suna ne, sai ya cusa haruffan sunan cikin gurbin rukunai muddin ba su wuce 23 ba, ya sa mataki 250 a matsayin alama cewa haka aka yi, ƙarƙashin DOI na 3.

Ana yawan rikita wannan da secmark, wanda James Morris ya shigar a kanel na 2.6.18, kuma bambancin ya cancanci a tsaya a kansa. Secmark alama ce da katangar tsaron na'ura ke liƙa wa ƙunshi bisa adireshi da tashar da ya nufa, kuma ba ta taɓa barin na'urar, domin a ƙwaƙwalwar kanel take zaune. Tana amsa tambayar irin zirga-zirgar da wata manhaja ta halatta ta taɓa. Tambarin NetLabel kuwa yana hawa waya ne ya je wata na'ura, yana amsa tambayar wane ne ya aiko. Ana iya amfani da su tare, kuma ƙunshi sai ya tsallake shingayen biyu.

A ganina, inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar tambarin a matsayin kwaɗo. CIPSO ba ya ɓoye abin da ke cikin ƙunshi, kuma babu sa hannun sirri a kansa da zai tabbatar da wanda ya buga shi. Duk wanda ya samu damar jona na'urarsa a kan wayar, ya kuma san lambar DOI, yana iya ƙera ƙunshi ya rubuta masa matakin da ya ga dama, kanel ɗin da ke karɓa kuma zai gaskata. An gina tsarin ne bisa zaton cewa wayar a killace take kuma kowace na'ura da ke kanta amintacciya ce, kamar yadda hatimin ofis yake da daraja muddin yana kulle a aljihun tebur. Shi ya sa ake haɗa shi da IPsec, tsarin da ke ɓoye abin da ke cikin ƙunshi ya kuma tabbatar da mai aikowa, idan bayani zai ratsa inda ba a amince da shi ba. IPsec ɗin ma yana da nasa salon ɗaukar tambari, wanda yake tura cikakken tambarin SELinux a lokacin ƙulla yarjejeniyar haɗi, amma sai ɓangarorin biyu suna bin tsarin SELinux da ya dace da juna, kuma ya fi nauyin kulawa. A buɗaɗɗiyar intanet kuwa da wuya a ga CIPSO, saboda na'urorin rarraba hanya da yawa suna yar da ƙunshin da ke da ƙari a goshinsa.

Ga IPv6, magajin IPv4, an yi sabon tsari mai suna CALIPSO, wanda ya fito a RFC 5570 a 2009. Yana riƙe da DOI da mataki da jerin rukunai kamar magabacinsa, yana zaune a ƙarin goshin da kowace na'ura a kan hanya take iya dubawa, kuma ya tsira daga ƙuncin bayit 40. An sa masa lambar gano kuskure, amma ita lalacewar bazata take kamawa, maƙerin tambarin jabu yana iya lissafa ta cikin sauƙi. Linux bai samu CALIPSO ba sai a kanel na 4.8 a 2016, ta hannun Huw Davies.

Saura batun na'urorin da ba su san tambari ba sam, waɗanda su ne mafi rinjaye a kowace ma'aikata: firinta, kwamfutar akawu, uwar garken da ke fassara sunayen adireshi. A yadda NetLabel yake zuwa, yana karɓar ƙunshi marar tambari, kuma tun daga kanel na 2.6.25 mai kula da na'ura yana iya cewa duk abin da ya shigo daga adireshi kaza ta katin sadarwa kaza a ɗauke shi a mataki kaza, ko da bai zo da komai a goshinsa ba. Yana kuma iya rufe ƙofar gaba ɗaya, ya ce kada a karɓi marar tambari. Wanda zai ba da wannan umarni daga nesa ta SSH, hanyar shiga wata na'ura ta waya, ya kamata ya fara tanadar wa kwamfutar da yake zaune a gabanta nata tambarin, in ba haka ba ƙunshin farko da kanel zai ƙi karɓa nasa ne, kuma gyaran sai ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin da na'urar take.