Tafiyar Dajin Birnam a Finafinan Macbeth

Tafiyar dajin Birnam ita ce mararrabar wasan Macbeth, wanda William Shakespeare ya rubuta wajejen 1606. A kashi na huɗu matsafa sun yi wa Macbeth, sarkin Sukotlan, albishir cewa ba za a ci shi da yaƙi ba sai ranar da dajin Birnam ya taso ya nufo tudun Dunsinane, inda fadarsa take, kuma babu wanda mace ta haifa da zai iya cutar da shi. A kashi na biyar Malcolm, ɗan sarkin da Macbeth ya kashe, wanda ya kawo masa yaƙi, ya umarci kowane soja ya sari reshe ya riƙe a gabansa, don a ɓoye yawan rundunar. A rubutaccen wasan, ɗan aike ne ke shigowa a firgice ya ce ya ga daji na motsi, kuma Macduff, wani basarake na ɓangaren Malcolm, ke shigowa da kan Macbeth bayan ya kashe shi.

Matsalar mai shirya fim a nan take: abin da dandamali ke bari a bakin ɗan aike, dole kyamara ta nuna shi. In aka matso kusa aka ga ƙarti riƙe da rassa, kwarjinin abin ya zube. Orson Welles, wanda ya ɗauki nasa fim na 1948 cikin kwana 23, ya fake da hazo.

Akira Kurosawa ne ya fi kowa warware matsalar, a fim ɗinsa Kumonosu-jo na 1957, inda ya mai da labarin Japan ta zamanin samurai. An gina fadar a gangaren Dutsen Fuji. Da dare tsuntsaye suka kwararo cikin fada, alamar an taɓa musu mazauni, amma Washizu, wato Macbeth ɗin fim ɗin, ya ɗauke shi alamar nasara. Da gari ya waye ya leƙo daga saman ganuwa, sai ga bishiyoyi na rangaji cikin hazo, ba a ganin ƙafa ko hannun kowa. Da idon Washizu mai kallo ke ganin abin, shi ya sa tsoron ke kama shi. Kurosawa ya jefar da batun wanda mace ba ta haifa ba gaba ɗaya. Sojojin Washizu ne suka juya masa baya suka yi masa ruwan kibau, ta ƙarshe ta huda masa wuya. Kibau na gaske ƙwararrun maharba suka riƙa harbawa kusa da Toshiro Mifune, ɗan wasan da ya fito a matsayin Washizu.

Roman Polanski a 1971 ya fi damuwa da kisan: fadar ta watse, aka yi gumurzu cikin sulke masu nauyi, aka fille kan Macbeth, wanda Jon Finch ya fito a matsayinsa, a gaban kyamara.

Justin Kurzel a 2015 ya cinna wa dajin wuta, iska ta kwaso toka da tartsatsi zuwa Dunsinane, sararin ya rine ja. Dabara ce mai kyan gani, sai dai ta ɓatar da hikimar Malcolm ta ɓoye runduna. Joel Coen kuwa, a fim ɗinsa na 2021 marar launi wanda aka ɗauka cikin sutudiyo, ya sa guguwar ganye ta ɓarko ta taga ta lulluɓe Denzel Washington, wanda ya fito a matsayin Macbeth. A faɗan ƙarshe bisa siririyar ganuwa, kambin ya fice daga kansa, yana miƙa hannu ya cafko shi takobin Macduff ya sauka a wuyansa.